Kalmar saki tana ta yawo a zuciyata: aurena yana nan?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina kwana a Agege, iyalina suna gida Arewa. Wata bakwai da suka wuce muka yi sa-in-sa da mai ɗakina a waya da daddare. Da na kashe wayar sai na buɗe WhatsApp na rubuta mata kalmar saki, na tsaya ina kallon rubutun ina tunanin in tura ko kada in tura, daga baya na goge na kwanta. Tun daga ranar kalmar nan ba ta bar kaina ba. Ina cikin salla ta zo, ina cikin danfo ta zo, ina ƙirga kwanduna ta zo. Wani lokaci har danne bakina nake yi da hannu don kada leɓena ya motsa. Na tambayi wani malami a unguwarmu ya ce a mazhabar Malikiyya sakin zuci yana aukuwa, kuma in haka ne na wuce uku tuntuni. Wani abokina kuma ya ce duk abin da mutum ya riƙa tunani sai ya faru, don tunani yana da ƙarfi. Ko Babbar Salla ban je gida ba, kuɗi kawai nake aikawa. Ina son matata, muna da 'ya'ya uku. Mene ne matsayin aurena?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Bisa abin da ka rubuto, matarka matarka ce, igiyoyin aurenku uku suna nan yadda aka ɗaura su. Na sa wannan a gaba don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran, domin sauran yana da tsawo, kuma akwai inda zan yi maka faɗa.

A duk wasiƙarka abu ɗaya ne zai iya juya hukunci, shi ne rubutun da ka yi a waya a daren farko. Rubutu aikin hannu ne, ya riga ya fito daga zuciya, don haka malamai ba sa wasa da shi. A mazhabarmu, wanda ya rubuta saki yana mai azama, wato ya gama yankewa a ransa cewa da wannan rubutun ya rabu da ita, sakin ya auku da zarar ya gama rubutawa, ko takardar ta kai ko ba ta kai ba, ko da ya yaga ta. Wanda kuwa ya rubuta yana kai-komo, ko yana son ya yi shawara tukuna, babu abin da ya hau kansa sai in ya fitar da rubutun da azama, ko rubutun ya isa ga matar. Saƙon waya hukuncinsa hukuncin takarda ne. Kai ka ce ka tsaya kana kallon rubutun kana tunanin ka tura ko kada ka tura. Mai azama ba ya wannan tsayuwar. Kai-komo ke nan, ka goge, ba ta gani ba, babu saki. Mai karatu da ya san shi nasa da azama ya rubuta, saki ɗaya ne ya hau kansa in bai ambaci adadi ba, yana da damar kome a cikin idda, in idda ta cika kuma sai sabon ɗaurin aure da waliyyi da sadaki da shaidu.

Na san abin da zai biyo bayan karanta wannan. Gobe ko jibi zuciyarka za ta ce maka, anya kuwa ba ka yi azama ba a daren nan, ko na daƙiƙa ɗaya? To ka riƙe wannan tun yanzu: bayanin da ka rubuto mini kafin ka san inda hukuncin ya rataya, shi ne shaidar da na karɓa, kuma a kansa na ba da fatawa. Duk wani sabon tuni da zai taso bayan ka san hukuncin, daga ciwon yake, kada ka saurare shi. Aurenka yaƙini ne, an ɗaura shi a gaban jama'a an raba goro, shakka ba ta warware shi.

Maganar da take kai-komo a zuciya kuwa, hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim sananne ne, cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk a kan haka suke. Da ba don abin da malamin unguwarku ya faɗa ba, da a nan zan tsaya.

Malamin bai ƙirƙiri maganar ba, tana cikin littafi. Duk wanda ya karanta Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shaihu Khalil, ya wuce ta wurin da ya ce akwai saɓani game da lazimtar saki da zancen zuci. An ruwaito wa Imamu Malik magana biyu. Ɗaya tana cewa yana lazimta, ita ce ta cikin Utbiyya, littafin da ya tattara ruwayoyin Malik da almajiransa, kuma Ibnu Rushdi kakan, wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan hijira, ya inganta ta. Ɗayar tana cewa ba ya lazimta, ita Ibnu Abdil Hakam ya zaɓa, Alƙarafi ya ce ita ce mash'huriya, kuma Addardir a sharhinsa na Mukhtasar ya faɗa ƙarara cewa abin dogaro shi ne rashin lazimta. Ka ga wanda ya ce maka "a Malikiyya yana aukuwa" ya ɗauko rabin magana ne, kuma rabin da ba a kansa fatawa take ba.

Masu cewa yana lazimta ga abin da suka riƙe. Suka ce ai wanda ya ƙudurce kafirci a zuciyarsa ya kafirta ko bai furta ba, mai riya da mai jiji da kai suna da zunubi alhali babu abin da ya fito daga bakinsu, to me zai hana saki ya zama haka? Suka ce ayyuka da niyya suke. Suka kuma ce zancen zuci zance ne na gaske, tunda Alƙur'ani ya ce game da wasu mutane "suna faɗa a cikin zukatansu". Hujjoji ne na malamai manya, amma ba su tsaya da ƙafarsu ba a wannan mas'alar.

Imani da kafirci da riya mazauninsu zuciya ce tun asali, a can ake aikata su, harshe fassara kawai yake yi. Saki kuwa warware ƙulli ne da ke tsakanin mutum biyu, wanda haƙƙoƙin wani suka rataya a kansa: idda, ciyarwa, gado, nasabar 'ya'ya, halaccin ta auri wani. Ibnu Abdissalam na Malikiyya a nan ya tsaya, ya ce niyya kaɗai tana wadatarwa ne a abin da ya shafi zuciya, ban da abin da ke tsakanin 'yan Adam. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin wannan. Mutum ya tsaya a gaban kwandon tumatirinka ya taya, kai kuma a zuciyarka ka ce na sallama, amma bakinka bai buɗe ba, ba ka gyaɗa kai ba, ba ka miƙa hannu ba. Ya ɗauki kwandon ya tafi da sunan an yi ciniki? Duk Mile 12 babu wanda zai yarda. Auren nan naka ma da furuci aka ƙulla shi, da waliyyi ya ce na ba shi a zuci, wakilinka ya ce na karɓa a zuci, da ba a yi aure ba. Abin da ba ya ƙulluwa da zancen zuci, da wane dalili zai warware da shi?

Hadisin niyya kuma ayyuka ya ambata tare da niyya, bai ce niyya tana tsayawa a madadin aiki ba. Wanda ya yi niyyar sadaka bai bayar ba, talaka bai ci komai ba. Malaman mazhaba ma sun haɗu a kan cewa wanda ya yi azamar zai saki matarsa sannan ya fasa, babu komai a kansa.

Batun cewa zancen zuci zance ne, shari'a da kanta ta raba shi da zancen baki a wurare da dama, kuma masu wancan ra'ayi sun yarda da rabewar. Magana tana ɓata salla, amma babu wanda ya ce wanda ya yi zance a ransa yana salla ya sake ta. Wanda ya yi wa mace ƙazafi a zuciyarsa ba a yi masa bulala tamanin. Wanda ya ƙudurta zihari, wato kamanta matarsa da mahaifiyarsa a haramci, bai furta ba, babu kaffara a kansa. Malamin hadisi Alkhaɗɗabi ya kawo waɗannan tun ƙarni na huɗu bayan hijira. A cikin mazhabarmu kuma, shi Khalil ɗin da ya ambaci saɓanin shi ne ya shardanta motsa harshe a karatun Fatiha. Wanda ya karanta ta a zuci bai karanta ba. To ta yaya zancen zuci zai gaza tsayar da raka'a ɗaya amma ya iya rushe gida? Sannan Allah ya ce a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ a ƙididdige idda, ya kuma ce a kafa shaidu biyu adilai. Matar da ke Arewa, daga wace rana za ta fara ƙirgen abin da ya gifta a kan mijinta yana cikin danfo tsakanin Ketu da Oshodi? Shaidu kuma me za su shaida? Ayar ƙarshen Baƙara da ta ce za a yi hisabi a kan abin da aka ɓoye a zuci, ta yi wa sahabbai nauyi, sai sauƙi ya sauka a bayanta cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Wannan kowa ya sani.

Ko da an ɗauki wancan ra'ayi an ce shi ne daidai, bai taɓa ka ba, kuma a nan ne kuskuren malamin ya fi girma. Alƙarafi ya fayyace inda saɓanin yake: mutum ne cikin nutsuwa da zaɓinsa ya ƙirƙiri sakin a ransa yana nufin ya aukar da shi, kamar yadda zai yi da baki, sai dai bai motsa harshe ba. Mai waswasi ba ya cikin wannan. A cikin Utbiyyar da aka samo waccan ruwaya, an tambayi Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, game da mutumin da ransa ke yi masa waswasi yana ce masa ka saki matarka, ko har ya furta ba da nufinsa ba, sai ya ce ya kau da kai daga wannan, babu komai a kansa. Ibnu Rushdi, shi ɗin da ya inganta lazimtar sakin zuci, da ya zo sharhin wannan wuri cewa ya yi babu saɓani cewa saki ba ya lazimtar mai waswasi, kuma in ya kau da kai Shaiɗan zai ɗebe tsammani ya rabu da shi. Bukhari ma ya kawo maganar sahabi Uƙbatu ɗan Amir cewa sakin mai waswasi ba ya zartuwa. Mutumin da ke danne bakinsa da hannu don tsoron kalma, babu malamin da zai ce shi ne mai ƙirƙirar saki da zaɓinsa. Ina roƙon 'yan'uwana masu amsa tambaya a masallatan unguwanni, a Agege da Idi-Araba da sauransu, su riƙa duban mai tambaya kafin su buɗe littafi. Jumla ɗaya da aka faɗa a tsaitsaye bayan sallar isha ta raba mutum da 'ya'yansa wata bakwai.

Yanzu ga yadda abin yake aiki a cikin kai, domin sanin hukunci kaɗai ba zai kore shi ba. Malamai sun kasa abin da ke gudana a zuciya mataki biyar: abin da ya faɗo kwatsam, abin da ya ɗan zauna, zancen zuci na in yi ko kada in yi, karkata ga aikatawa, sannan azama. Ukun farko ba a rubuta su ko kaɗan. Hikimar haka a fili take, domin mutum ba shi da iko a kan abin da zai faɗo masa. Ƙwaƙwalwa ba ta hutawa, kullum cikin jefo tunani take, mai kyau da marar kyau da wanda ba shi da kan gado. A wani bincike da aka wallafa a 2014, an tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, kusan 94 cikin 100 suka ce a watanni ukun da suka gabata tunanin da ba sa so ya kutso musu. Bambancin mai lafiya da mai waswasi yana wurin abin da ake yi wa tunanin bayan ya zo. Mai lafiya ya ji shi ya wuce. Mai waswasi ya firgita, ya ɗauke shi da girma, ya fara gadin kansa.

Gadin kuwa shi ke ciyar da shi. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya sa mutane su yi minti biyar kada su tuna wata farar dabba, in ta faɗo musu su buga ƙararrawa. Suka yi ta bugawa, kuma da aka sake su daga baya sai tunanin ya ƙara yawa. Dalilin shi ne, kafin ka tabbatar ba ka tuna abu ba, dole wani sashe na hankalinka ya riƙa leƙawa yana duba ko abin ya zo, leƙen nan kuwa shi ne tunawar. Duk sa'ad da ka danne baki, ko ka ce a ranka ban sake ta ba, ko ka koma baya kana bincike ko leɓenka ya motsa, kana samun sauƙi na ɗan lokaci, amma ka koya wa ƙwaƙwalwarka cewa kalmar nan haɗari ce da ta cancanci a riƙa kawo maka rahotonta. Sai ta ƙara kawowa. Kuma waswasi abin da mutum ya fi ƙauna yake kamawa. Mai tsoron Allah a aƙida yake samunsa, mai kiyaye salla a alwala, mai son matarsa a saki. Da sahabbai suka kai kukan irin wannan game da imani, Annabi (SAW) ce musu ya yi wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙyamar da suke ji. Ƙyamar da kake ji shaida ce a kan inda zuciyarka take.

Maganar abokinka kuwa ka ajiye ta. Tunani yana da ƙarfi a kan mai shi, wannan gaskiya ne: yana sa bugun zuciya ya ƙaru, ya hana barci, ya ɗaure ciki, ya canza yadda mutum ke mu'amala. Amma cewa tunani da kansa yana jawo abin da ke waje ya faru, ba shi da tushe a shari'a, kuma yana kusa da camfi. Abin da Allah ya so shi ke kasancewa, ta hanyar sabuban da ya sanya. Hadisin da wasu ke jawowa, cewa Allah yana inda bawansa ya zace shi, kira ne ga kyautata zato ga Ubangiji tare da aiki. In akwai abin da ke barazana ga aurenka yau, ƙauracewar da ka yi ce.

Abin da za ka yi kuwa, tun daga yau, in kalmar ta zo ka nemi tsarin Allah sau ɗaya, ka ci gaba da abin da kake yi. Na ce sau ɗaya da gangan, domin umarnin Annabi (SAW) ga mai waswasi abu biyu ne, ya nemi tsari kuma ya hanu. Masu wannan ciwo sukan riƙe na farko su bar na biyu, har a'uziyyar ta koma wani sabon gadi, mutum ya yi ta maimaita ta sau talatin yana jiran ya ji ta zauna. Kada ka ba kalmar amsa. Kada ka ƙaryata ta, kada ka yi mata hujja da abin da na rubuta a sama. Ka cire hannunka daga baki. Za ka ji tsoro ya taso, ƙirji ya yi nauyi, kamar dole sai ka yi wani abu. Ka bar shi, ka ci gaba da awo ko lissafi. Tsoro ba ya dawwama a sama, yana sauka da kansa in ba a ciyar da shi ba, kuma duk lokacin da ka jure, na gaba yakan zo da rauni. Makonnin farko sun fi wuya, har wasu sukan ɗauka abin ƙaruwa yake su koma ga tsohon hali. A nan mafi yawa suke faɗuwa. In ma wata rana matsin ya kai har kalmar ta suɓuce daga bakinka ba da nufi ba, ka ji amsar Ibnul Ƙasim. A fiƙihunmu wanda shakka ke zuwar masa kullum ko da sau ɗaya ne, hukuncinsa ya yi watsi da ita, a salla ne ko a alwala ko a nan.

Kada ka sabunta ɗaurin aure da sunan ihtiyaɗi, wato kauce wa shakka. Wanda ya yi haka yakan samu sauƙin mako guda, sannan shakka ta kama sabon auren. Auren kisan wuta kuwa, in wani ya kawo maka shawararsa, la'ananne ne, kuma ba ka ma cikin halin da za a ambace shi. Ka daina yawo da tambayar nan daga malami zuwa malami. Tambayar kanta tana cikin ciwon, kowace amsa tana kwantar da kai kwana biyu, sannan ka ji wata kalma dabam a bakin wani ka koma farko. Ka kuma daina ce wa abokai ina jin na saki matata. Ba da labarin abin da kake zato ba ƙirƙirar saki ba ne tsakaninka da Allah, amma alƙali da zahirin magana yake aiki, kuma magana daga Legas ba ta daɗewa ba ta kai gida ba. Kada ka tara wa kanka shaidu a kan abin da bai faru ba.

Ka duba yadda kake rayuwa ma. Ɗan gwari yakan tashi tsakar dare tarbar mota, ya wuni a tsaye, ya riƙe kansa da goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. Ƙarancin barci da yawan waɗannan suna rura fargaba. Ka nema wa kanka barci mai kyau ko da za ka haɗa da ƙailula, ka rage su bayan la'asar. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, ya ware babi guda a kan waswasin ƙirji a littafinsa na lafiyar jiki da rai, kuma abu biyu ya fi gargaɗi a kansu: kaɗaici da zaman banza. Kada ka riƙa komawa ɗaki kai kaɗai da waya bayan isha. Ka zauna cikin mutane, ka halarci karatu.

Wata bakwai, kullum, har ya hana ka zuwa gida: wannan ya wuce waswasin da kowa ke samu, ya zama ciwo da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani da suna, OCD a Turance, wanda ke kama kimanin mutum 2 cikin 100. Ka je asibiti. Asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja ya fi kusa da kai, akwai na Idi-Araba, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba. Na san mutanen gari sun mai da sunan Yaba abin tsokana, kada wannan ya hana ka. Ciwonka ba hauka ba ne, mai shi yana cikin hankalinsa sarai, shi ya sa ma yake wahala. Ka gaya wa likita a sarari cewa tunani ne da ba ka so yake maimaita kansa, da abubuwan da kake yi don kore shi. In Turanci ko Yarbanci zai ba ka wuya, ka tafi da wanda ka amince da shi. Magani iri biyu ne. Akwai horo da masani ke yi wa mutum a zama kamar 12 zuwa 20, yana koya masa fuskantar tunanin ba tare da mai da martani ba, wanda shi ne dai abin da malamanmu suka kira kau da kai, an tsara shi daki-daki. Akwai kuma ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Da yawa sukan sha na mako biyu su ce ba ya aiki su watsar. In ya karɓe ka, akan ci gaba da shi shekara guda ko fiye, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da tsarin likita. Kada ka saya da kanka a kemis. In kana shan tiramol don ƙarfin aiki, ka daina ɓoyewa ka faɗa wa likita, domin haɗa shi da waɗannan ƙwayoyi yana iya jawo jijjiga da zazzaɓi mai haɗari, ban da haramcin shansa ba bisa ƙa'ida ba. Ruƙiyya halal ce, ka yi wa kanka da Fatiha da Falaƙi da Nasi da azkar na safe da yamma, ba ta hana zuwa asibiti. Wanda zai ce maka asiri aka yi maka daga gida, kawo kuɗi a karya, ka guje shi, zai ƙara maka zargin mutane a kan ciwonka. In kuma ƙunci ya taɓa kai ka ga tunanin cutar da kanka, a ranar za ka gaya wa wani ka tafi asibiti, ba a jira da wannan.

Saura faɗan da na ce zan yi maka. Baiwar Allah nan tana can da yara uku, miji ya daina zuwa, ko Salla bai zo ba, ba a ce mata ta yi laifi ba, ba a ce mata komai ba. Me kake tsammani take rayawa? Me danginta suke faɗa? Kuɗin da kake aikawa ya sauke ciyarwa, bai sauke sauran haƙƙinta ba. Allah ya yanka wa wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu ne kacal, kai ba ka yi rantsuwa ba amma ka kusa ninka wannan. Ka yi haka ne don tsoron haram, ina kyautata maka zaton samun ladan niyyarka, amma yanzu da hukunci ya bayyana, ci gaba da nisa zalunci ne. Ka kira ta yau. Ka damƙa rumfarka ga wanda ka yarda da shi, ka shirya tafiya cikin kwanakin nan, kada ka ce sai tunanin ya tafi tukuna, domin komawa gare ta a matsayin miji yana cikin maganin. Ba sai ka zayyana mata kalmomin da ke kanka ba, hakan zai jefa ta cikin irin ruɗin da kake ciki. Ka ce mata ka yi fama da damuwa da rashin barci, kana neman magani, ka ba ta haƙuri a kan shirun da ka yi. Nan gaba kuma in rai ya ɓaci a waya, ka kashe ta ka ajiye, kada ka buɗe wurin rubutu sai gari ya waye.

Wallahu a'alam.